Tirelar Bamba Ko Ta Bodi? Kafin Ka Koma Wurin Dillali, Buɗe Ƙofar Motarka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Dalas ta jihar Tekzas, ni da uwargida da yara uku. Shekara biyu ke nan muna fita kwanan daji da tanti lokacin hutun makaranta, yanzu uwargida ta ce ta gaji da kwanan ƙasa, mu sayi irin ɗakin nan da mota ke ja. Ina da Ford F-150 mai ƙofa huɗu da gajeren bodi. Wani dillali ya ce motata tana jan laba 11,000, ya nuna mini wata babba da ake kira fif-wil mai nauyin laba 8,500, uwargida kuwa tun da ta ga kicin ɗin ba ta sake maganar wata ba. Hajiya mahaifiyata ma takan zo daga Kano ta yi mana wata uku. Wacce ta fi, fif-wil ko tirabul tirela?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Zan faɗa maka ra'ayina tun daga farko don kada in ja ka da nisa: da wannan motar taka, ka bar maganar fif-wil. Ka nemi tirabul tirela wadda nauyinta da kaya bai wuce laba 6,000 ba, ko kuma ka sauya mota. Sai dai na san ba za ka iya komawa gida ka ce wa uwargida "wani ya ce a'a" kawai ba, saboda haka bari in ba ka hujjar da za ka tare ta da ita.

Don saukin magana, tirabul tirela zan riƙa ce mata tirelar bamba, tunda a ƙarƙashin bambar baya ake maƙala ta, a kan wani dunƙulen ƙarfe kamar lemon zaƙi. Fif-wil kuma tirelar bodi, domin goshinta yana hawa kan bodin a-kori-kura ne, wani turken ƙarfe ya shiga faranti ya kulle, daidai irin haɗin kan tirela da bodinta da ka saba gani a hanyar Kano zuwa Legas. Na yi shekaru ina jan manyan tireloli a ƙasar nan kafin in koma gyaran waɗannan ɗakunan, kuma kuskuren da na fi gani shi ne wanda dillalinka ke neman jefa ka ciki.

Dillalin bai yi maka ƙarya ba, rabin gaskiya ya faɗa. Mota tana da lambobi biyu. Akwai abin da za ta iya ja, akwai abin da za ta iya ɗauka a gadon bayanta. Ka tuna jakin amalanke. Jaki zai ja buhu goma a amalanke yana tafiya lafiya, amma ɗora masa buhu goman nan a baya ka ga ko zai tashi. Laba 11,000 ɗin da aka gaya maka lissafin amalanke ne. Lambar da za ta yanke hukunci ita ce ta gadon baya, kuma ba a talla ake samunta ba. Ka buɗe ƙofar direba, ka duba jikin ginshiƙin ƙofar, za ka ga wata takarda mai launin rawaya da fari, wadda aka rubuta iskar taya a kanta. A samanta akwai layin da ya ce jimillar nauyin mutane da kaya kada ya wuce kaza. Wannan lambar ta motarka ce ita kaɗai, domin kowace mota da irin kayan alatun da aka lafta mata, kuma duk abin da aka ƙara, kujerar fata ne ko rufin gilashi, daga cikin wannan lambar ake cire shi. Mafi yawan F-150 masu ƙofa huɗu da suke shigowa garejinmu, tsakanin laba 1,400 da 1,900 nake gani.

Mu ɗauka taka 1,650 ce. Kai da uwargida da yara uku, a ce laba 600. Kula ta abinci, jakunkuna, kujerar yaro, katan ɗin ruwa, a ce 100. Saura 950. Ranar da Hajiya ta shiga, idan motar mai kujera shida ce, ka sake cire 150. To, tirelar bodi tana sauke kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na nauyinta a kan motar, mu masu gyara kashi 20 muke lissafi da shi. Laba 8,500 da aka faɗa maka kuwa nauyinta ne tana wayam, yadda ta fito daga masana'anta, babu ruwa, babu tukunya, babu ko bargo. Ka nemi lambar da ke jikinta ta gefen hagu can gaba, mai nuna iyakar nauyinta da kaya. Irin wannan takan kai laba 10,000 ko fiye. Kashi 20 na 10,000 laba 2,000 ke nan. Farantin da za a ɗaure a bodi shi ma yana da laba 150 zuwa 200. Wato kana neman ɗora 2,200 a inda 950 ya rage. Motar za ta ja, kada ka yi shakka, injinta ba rago ba ne. Amma sifirin na baya zai kwanta, fitilun gaba su riƙa haska saman bishiya, tayoyin baya su ɗauki zafi, birki ya ƙi kamawa a inda ya saba. Kuma wannan lissafin ba ya canzawa don an manna wa tirela takardar cewa ƙaramar a-kori-kura na iya janta.

Tirelar bamba kuwa kashi 10 zuwa 15 take saukewa a kan dunƙulen. Mai laba 6,000 da kaya, idan ka lissafa da kashi 13, laba 780. Ƙarfen haɗi mai raba nauyi, wajen 100. Jimla 880. Ka ga ko ita ma da ƙyar ka sha, laba 70 kacal ya rage maka, wannan ma in Hajiya ba ta cikin motar. Shi ya sa na ce 6,000, ban ce 8,000 ba, duk da cewa takarda ta ce motar tana jan 11,000. A wannan nauyin za ka samu mai tsawon ƙafa 23 zuwa 26, da gadon ma'aurata a gaba da gadaje masu hawa biyu a baya, teburin cin abinci kuma ya koma gado da dare.

Yanzu bari in yi wa tirelar bodi adalci, don ba ƙinta nake yi ba. A kan hanya ta fi daɗin ja nesa ba kusa ba. Dalili kuwa wurin da aka ɗaure ta. Turkenta yana zaune daidai saman aksil ɗin baya, ko ɗan gaba da shi kaɗan, don haka idan iska ta buge ta, ƙarfin bugun a kan tayoyi yake sauka. Ita kuwa ta bamba, dunƙulenta yana kusan ƙafa huɗu bayan aksil, sai ya zama kamar an ba ta sanda ta riƙa juya bayan motar. Idan babbar tirela ta zo wuce ka, za ka ji iska ta fara tura ka gefe, sannan ta zuƙo ka. Wata shekara a babbar hanya mai lamba 80 cikin jihar Wayomin, inda iska ke kifar da manyan motoci, na bi bayan wani bawan Allah yana jan ta bamba mai kusan ƙafa 30. Ina kallo wutsiyarta ta fara rawa, dama, hagu, kowace kaɗawa ta fi ta baya faɗi. Allah ya taimake shi ya san abin yi: bai taka birkin mota ba, ya ɗaga ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari sak, ya matsa birkin tirelar da hannu, ta miƙe. Da muka tsaya a gidan mai na leƙa, ashe ya ɗaure janareta da kekuna huɗu a can bayanta, gaban ya yi sakayau. Tirelar bamba idan nauyin gabanta ya gaza kashi 10, rawa ba makawa.

Wannan ba dalilin gudun ta bamba ba ne, dalilin kashe kuɗi ne a inda ya dace. Ka sayi ƙarfen haɗi mai raba nauyi wanda ke da maganin rawa a jikinsa, a saita maka shi da tirelar tana ɗauke da kayanta. Ka tabbatar motar tana da na'urar birkin tirela, F-150 da yawa masu kayan ja suna zuwa da ita a gefen sitiyari. Kaya masu nauyi a ƙasa, a saman tayoyi ko gaba da su. Gudu kuma mil 60 zuwa 65 ya isa, ko da allon hanya a Tekzas ya ce 75. A Kalifoniya ma doka ta tsayar da mai jan tirela a 55.

Ta fuskar zama a ciki ma, uwargida ba ta yi kuskuren gani ba. Tirelar bodi tana da rufi mai tsayi, falo kamar na gida, ɗakin kwana a sama da ƙofarsa, ga wani babban rumbu a ƙarƙashinsa na ajiye kaya. Ƙafa huɗu ko biyar na tsawonta suna kan bodin mota, don haka mai ƙafa 32 ta bodi, in an haɗa da mota, ba ta kai mai ƙafa 32 ta bamba tsawo a titi ba. Wanda zai tare a ciki wata shida a shekara, ko mai aikin da ke yawo da shi jiha-jiha kamar masu aikin bututun mai da ma'aikatan jinya na kwangila, ta bodi ce tasa, ba na ko tantama. Kai fa? Sau nawa za ka fita a shekara? Idan ƙarshen mako shida ne da doguwar tafiya ɗaya lokacin hutu, kwana ashirin da wani abu ke nan. Sauran kwana ɗari uku da arba'in tana ajiye, kai kuma kana zuwa aiki kullum da babbar motar da ka saya dominta. Don in ka nace sai ta bodi, to maganar F-250 ko Ram 2500 ko Silverado 2500HD ake yi, wani lokaci ma sai mai lamba 350 ko 3500. Kuma ko a can sai ka buɗe ƙofa ka karanta takarda, domin injin dizal ya fi na fetur nauyi da ɗaruruwan laba, har za ka ga wata 2500 mai dizal abin da take ɗauka bai fi laba 2,200 ba. Mutane da yawa sun sayi mota sau biyu a kan wannan.

Sannan ka ce bodinka gajere ne. Na F-150 mai ƙofa huɗu yawanci ƙafa biyar da rabi ne. Tirelar bodi ta fi son mai ƙafa takwas. A gajeren bodi, idan ka karya kwana sosai kana ribas, kusurwar goshinta sai ta sumbaci gilashin bayan mota. Na share ɓaraguzan irin wannan gilashin daga kujerar baya fiye da sau ɗaya, sau ɗaya ma har da kujerar jariri a wurin, Allah ya sa ba ya ciki. Akwai faranti mai zamewa baya da aka yi don haka, amma ya fi tsada, ya fi nauyi, nauyin nan kuma daga 950 ɗinka zai fita. Bodin ma ka rasa shi ke nan: kekunan yara, itacen gashi, janareta, duk sai ka nema musu wani wuri.

Maganar Hajiya ba ƙarama ba ce. Tirelar bodi tana da tsayi daga ƙasa, matakala uku ko huɗu kafin a shiga, a ciki kuma akwai wasu biyu ko uku zuwa ɗakin sama, kuma a mafi yawansu banɗakin yana can saman. Dattijuwa mai ciwon gwiwa da za ta tashi alwala da asuba cikin duhu, ka lissafa hawa da saukar. Ta bamba daɓenta ɗaya ne daga gaba har baya. Tunda na ambaci alwala, ga abin da dillali ba zai san ya gaya maka ba: gidanmu yana shan ruwa fiye da yadda masu ƙera tirelolin nan suka zata. Mutum shida, salla biyar, ga buta a banɗaki, ga wanke-wanken tuwo da miya. Tankin ruwa mai tsabta a ƙananan tireloli galan 40 ne zuwa 50, tankin ruwan wanka da wanke-wanke kuma yakan gaza haka, shi ne ma zai fara cika, a kwana biyu. Ka duba girman tankunan kafin ka duba launin labule. Tankin bayan gida kam yawan ruwa alheri ne gare shi, masu tsarki da ruwa ba su cika kawo mana shi a toshe ba. Amma kada ka cika tankin ruwa mai tsabta tun daga gida in akwai famfo a zangon, galan ɗaya laba 8.3 ne, galan 45 ya kusa laba 375. Ka kuma tsaya a tsakiyar tirelar ka gwada ko dadduma za ta shimfiɗu har a yi sujada ba tare da kai ya bugi firji ba. Mai ɓangare guda da ke zamewa waje in an yi fakin takan ba da wannan filin.

Ina kuke son zuwa? Wannan ma yana cikin lissafi. Tirelar bodi tsayinta yakan kai ƙafa 12 da rabi zuwa 13 da rabi, ta bamba kuwa 10 zuwa 11 da ɗoriya. Tsofaffin gandun daji na gwamnatin tarayya an shata zangunansu tun kafin a fara ƙera irin waɗannan gidaje masu taya. A jiharku, gandun Big Bend, hanyar hawa Chisos Basin hukuma ba ta ba da shawarar a shiga da tirelar da ta wuce ƙafa 20 ba, saboda kwanoni da gangara, sai dai ka sauka a zangon Rio Grande Village ka hau da mota kaɗai. A Zion ta jihar Yuta akwai ramin dutse da mota ke bi ta ciki, wanda aka buɗe a 1930, abin da tsayinsa ya wuce ƙafa 13 da inci 1 ba ya shiga ko da wane izini. A Yosemite iyakar tirela ƙafa 35 ce, kuma wuraren da ke ɗaukar mai wannan tsawon 'yan kaɗan ne, ana buɗe rajista a shafin Recreation.gov suke ƙarewa. Mai ƙafa 25 yana da zaɓi, mai ƙafa 38 sai ya koma zangunan 'yan kasuwa a wajen gandu, inda ake jera tireloli ƙofa da ƙofa kamar tashar mota. Wanda ya saba da tanti a ƙarƙashin bishiya ba lalle ya ji daɗin wannan ba.

Lasisi ba zai dame ka ba a ƙaramar tirela. Amma ka sani a Tekzas, idan iyakar nauyin mota da tirela a haɗe ya kai laba 26,001, tirelar kuma ta wuce 10,000, sai ka yi jarrabawar lasisi ajin A wanda ba na haya ba. Babbar mota mai lamba 350 da babbar fif-wil suna iya kai ka can.

Zafin Tekzas kuma, ka tabbatar na'urar sanyaya ɗaki ta isa. Ƙaramar tirela mai na'ura ɗaya tana aiki da wutar amfiya 30, wadda kusan kowane zango mai wuta yake da ita. Manya masu na'ura biyu suna son 50. Ka tambayi hukumar unguwarku ko an yarda a ajiye tirela a ƙofar gida, yawancin sababbin unguwanni ba su yarda, sai ka kama hayar fili duk wata, kuma da tsawo ake yanka kuɗin.

Sabuwa ko ta hannu? Ni ta hannu nake ce wa mutane a karon farko, mai shekara uku zuwa shida. Tirela tana zubar da daraja da zarar ta bar filin dillali, kuma bashin da suke tallatawa na shekara 12 ko 15 mai ƙaramin biya a wata, kuɗin ruwansa yana da ban tsoro, ko da mun ajiye maganar halacci a gefe. Kada sunan kamfani ya ruɗe ka sosai. Mafi yawansu a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake ƙera su, kuma sunaye da dama gida ɗaya ne: Jayco da Keystone da Airstream duk na Thor ne, Grand Design na Winnebago ne, Forest River kuma na Berkshire Hathaway. Firji da murhu da aksil sau da yawa daga masu kawo kaya ɗaya suke fitowa. A 2021, lokacin da korona ta kori kowa daji, masana'antun sun fitar da sama da 600,000 a shekara guda, abin da ba a taɓa yi ba, shi ya sa kasuwar ta hannu ta cika da na wannan lokacin. Akwai araha a ciki, amma a sa ido, aikin gaggawa ba ya rasa tabo.

Abin da ke kashe tirela ruwan sama ne. Ka hau rufi da kanka, ka duba danƙon da aka shafe bakin kowace huda da shi, in ya tsattsage ka san ruwa ya sami hanya. Ka taka kowane lungu na daɓe da diddige, musamman bakin ƙofa da gindin masai, in ka ji laushi kamar burodi ka yi sallama. Ka tsaya a gefe ka kalli bangon waje a karkace, kumburi alamar bango ya saki ne. Ka buɗe kabad na sama ka shinshina. Tayoyi kuma ka karanta lambobi huɗun ƙarshe na shekarar ƙira, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar tirela tsufa ke kashe ta tun zanenta bai cinye ba, in ta wuce shekara biyar ko shida ka sa kuɗin sababbi cikin ciniki.

Kafin duk wannan, ka yi abu biyu da ba za su ci maka kuɗi da yawa ba. Ranar Asabar ka kwashi kowa da kowa a mota, tanki cike da mai, ku je gidan man manyan motoci mai sikelin CAT, ku hau, da 'yan daloli za a ba ka takardar nauyin gaba da na baya. Ka cire jimillar daga iyakar nauyin motar da ke rubuce a ɗaya takardar ta jikin ƙofa, abin da ya rage shi ne gaskiyar abin da za ka iya ɗorawa, ba ƙiyasina ba. Sannan ka ɗauki hayar ta bamba mai ƙafa 24 ko 25 a shafin hayar tirela na Outdoorsy ko RVshare na kwana biyu, ku je Palo Duro ko wani gandun jiha mafi kusa, uwargida ta yi girki a ciki, ta ga ko kicin ɗin ya ishe ta, kai kuma ka koyi ribas. Ka riƙe ƙasan sitiyari, inda hannunka ya nufa nan bayan tirela zai nufa, kuma ku sasanta da uwargida tun a gida wace alama ce "tsaya", don faɗan ma'aurata a zango yawanci a nan yake farawa.

In ka dawo, turo mini hoton takardar ƙofar da ta sikelin, da lambar tirelar da ta kwanta muku, in sake buga lissafin da ainihin lambobinka. A gaida Hajiya da yara.